Amsoshin Tambayoyinku: Faifai da Kwando a Matsayin Ado

Wata mai sauraronmu daga Ɗan Issa, cikin gundumar Madarunfa, tana tambaya: da gaske ne a wasu ƙasashe ana rataye faifai da kwando a bango don ado kawai?

Gaskiya ne, Hajiya, kuma da daraja ake sayensu. A yankin Okabango na arewacin Botsuwana, mata suna saƙa kwanduna da ganyen mokola, wata 'yar'uwar goruba, suna rina shi da saiwa da ɓawon itace. Daga daji suke ɗauko zanen nasu, har akwai wanda suke ce wa hawayen raƙumin dawa.

To, ai mu ma muna da kaba. A Gulbin Kaba, wajen Mayahi, da ita ake yin tabarma, faifai, igiya da malafa. Jan rini kuwa, ga karan dafi nan a gonakinmu. Abin da ke damuna shi ne yawan yankan kaba tun tana ƙarama, wanda ke hana goruba tashi.

Masu yanka, don Allah a riƙa barin wasu su girma. Ke kuma Hajiya, ki koya wa 'ya'yanki saƙar nan.