Birkin Mota: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Gane Lalacewarsa

Da zarar kaka ta kama, hanyar da ta tashi daga Funtua ta bi ta Bakori zuwa Malumfashi takan cika da motoci ɗauke da buhunan masara da dawa da auduga. A wannan lokaci ne birki ya fi shan wahala, domin nauyin kaya da saurin gudu su ne ke ƙara masa aiki.

Yadda Birki Yake Aiki

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi ta hanyar gogayya. In aka ninka nauyin mota, zafin da birki zai sha ya ninku sau biyu. In kuwa gudun aka ninka, daga kilomita 50 zuwa 100 a awa, zafin da tazarar tsayawa sukan ninku sau huɗu.

A ƙananan motoci da bas-bas da akori-kura, man birki ne ke kai ƙarfin ƙafar direba zuwa tayoyi. Masanin nan Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, ya bayyana cewa idan aka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin yakan isa kowane sashe daidai wa daida. Ruwa ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa, don haka ɗan kumfa a cikin bututu ya isa ya raunana birki.

Alamomi da Maganinsu

Idan birki ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, galibi iska ce ta shiga, sai makanike ya fitar da ita taya bayan taya. Idan aka taka yana nutsewa a hankali har ƙasa, ko dai mai yana yoyo ne, ko robar masta ta mutu. Irin wannan mota ba ta cancanci hawa titi ba sai an gyara ta. Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe tana nuna fatar birki ta cinye, kuma akan canza ta dama da hagu tare. Motar da ke karkata gefe guda yayin tsayawa kuwa, a duba ko mai ya jiƙa fatar, ko birkin ɓangare ɗaya ya cije, kamar yadda taɓon damina kan jawo.

Hattara da Ruwa

Man birki yana tsotsar laima. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, amma in ya sha laima yana iya tafasa a 140. Saboda haka ake so a canza shi kamar duk shekara biyu. Ruwan sabulu da wasu kan zuba idan mai ya ƙare yana tafasa a wajen digiri 100, tururinsa kuwa matsuwa yake kamar iska, sai birki ya kwance a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A gangara, sa ƙaramar giya yana rage wa birki zafi.

Aikin Ɗalibi

Malami ya sa ɗalibai su haɗa sirinji biyu marasa allura da siririn tiyo, su cika su da ruwa, su danna ɗaya su lura da ɗayan. Daga nan a shigar da 'yar iska a sake dannawa, ɗalibai su rubuta bambancin da suka ji a yatsunsu, su bayyana dalilinsa.