Amsoshin Tambayoyinku: 'Yata tana tafiya yatsun ƙafarta na kallon juna

Tambaya: 'Yata tana da shekara 2 da wata 3, ta fara tafiya tun tana wata 13. In tana tafiya yatsun ƙafafunta suna juyowa ciki, in ta ruga da gudu kuma sai ta harɗe ta faɗi. Da muka je Birmingham gaida uwar mijina, Hajiya ta ce yawan goyo ne, wata baƙuwarta kuma ta ce a riƙa sa mata takalmin dama a hagu. Har an ce in kai ta wajen mai ɗori idan mun je gida. Me zan yi? Daga wata uwa, Longsight, Manchester.

Amsa: Allah Ya raya mana ita. Ki kwantar da hankalinki. Yaro mai lafiya da ƙafafunsa biyu suka juya ciki daidai wa daida, ba ciwo ba ɗingishi, mafi yawanci girma ne ke miƙar da shi, ba tare da an yi masa komai ba.

Juyawar takan taso daga ɗaya cikin wurare uku, kuma shekarun yaro kan nuna wanne ne. A jarirai, tafin ƙafar ne da kansa ke lanƙwashewa kamar ƙwayar wake, saboda matsin kwanciyar ciki, kuma yakan miƙe tun kafin yaye. Daga shekara 1 zuwa 3, wato sa'o'in 'yarki, ƙashin ƙwauri ne ke da 'yar murɗa, wadda takan warware wajen shekara 5, wani lokaci ta ɗan haura. Bayan shekara 3 kuwa abin daga cinya yake, kuma ya fi yawa a 'ya'ya mata. Ana haihuwar jariri da murɗar da ta kai kusan digiri 40 a wuyan ƙashin cinya, sai ta yi ta raguwa har ta tsaya wajen digiri 15 a jikin babba. Irin wannan kan kai shekara 8 zuwa 10 kafin ta daidaita.

Ki tsayar da ita ba takalmi, ki durƙusa a gabanta ki dubi ƙoƙon gwiwoyinta. In suna kallonki, ƙafafun ne kawai suka juya, to ƙwauri ne. In su ma suna kallon juna, cinya ce, kuma za ki lura tana son zama daɓas a tsakanin diddigenta, ƙafafu baje a gefe. Ki nuna mata zaman harɗe cikin wasa, ban da tsawa.

Batun goyo, a gaida Hajiya, amma goyo bai da laifi a nan. Yadda cinyoyin yaro ke buɗewa a bayan uwa zama ne mai kyau ga ƙugunsa. Sauya takalmi kuwa ba ya murɗa ƙashi, sai dai ya matse yatsu ya fito da bororo. Haka takalman gyara masu tsada da ƙarafan da ake ɗaura wa yara da dare. Dakta Lynn Staheli, likitan ƙashin yara a Seattle ta Amurka, ya tattara binciken da aka yi kan takalman yara a 1991, ya nuna cewa ƙafa ta fi ginuwa da kyau a bar ta a sake. Ki bar ta ta yi yawo ba takalmi a cikin gida. Na fita ya zama mai laushi, marar nauyi, da sararin kusan santimita 1 a gaban yatsa mafi tsawo. Mai ɗori kuma, don Allah kada ki kai ta. Babu karaya, babu gocewa, ja da murɗa ƙashin yaro mai lafiya na iya jawo masa raunin da bai da shi.

Abin da ya fi damuna ga yaranmu na Ingila shi ne bitamin D. Fatarmu na buƙatar rana fiye da ta Bature kafin ta samar da shi, kuma daga Oktoba zuwa Maris ranar Manchester ba ta da ƙarfin yin wannan aiki ko da ta leƙo. Rashinsa ke kawo riket, ciwon laushin ƙashi: ƙafa ta yi baka ko gwame, wuyan hannu ya yi kauri, yaro ya yi jinkirin tafiya. Wannan daban yake da juyawar yatsu, amma idon uwa kan haɗa su. A tsakiyar Birmingham abin ya yi yawa har hukumar lafiyar yankin ta fara raba bitamin kyauta ga masu ciki, masu shayarwa da ƙananan yara a 2005, aka kuma ga masu cutar sun ragu da fiye da rabi. A gida kuwa, binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa ƙarancin kalshiyam a abinci ne kan gaba. Shawarar hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, ita ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 ya sha maikirogiram 10 na bitamin D kullum, rani da damina. Ki tambayi ko kin cancanci na kyauta a shirin Healthy Start, kuma kada madara ko yogot su yanke mata.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan ƙafa ɗaya ce kawai ta juya, ko tana ɗingishi, ko tana kukan ciwo, ko ƙafar ta ƙage ba ta motsuwa a hannunki, ko abin ƙaruwa yake yi, ko ta daina yin abin da ta saba kamar hawa bene, ki ga likitan unguwarku, wato GP. Shi zai tura ku wajen masu gashin ƙashi na yara, in ta kama har asibitin yara na Royal Manchester da ke titin Oxford. In kuwa ta ƙi taka ƙafa kwatsam ga zazzaɓi, ranar za ki kai ta sashen gaggawa. Tiyata ba kasafai ake yi ba, kuma ba a ma tayar da maganarta sai yaro ya kai wajen shekara 8.

Shekarunta sun yi daidai da dubawar da ake yi wa yara tsakanin shekara 2 da 2 da rabi. Ki ɗauki bidiyonta a waya tana tahowa tana komawa ba takalmi, ki riƙe jan littafin lafiyarta, ki nuna wa ma'aikaciyar lafiya mai ziyarar gida. Bayan wata 6 ki sake ɗauka ki gwada da na farko. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa albarka.