Amsar Tambaya: Shin In Zuba Garin "Nano" a Abincin Kifina?

TAMBAYA: Ina kiwon tarwada a kwarmin siminti. An tallata mini wani garin "nano", wai yana hanzarta girman kifi, ya kuma kare shi daga cuta. In saya? Daga mai kiwon kifi, Ƙaura Namoda.

AMSA: Maganar tana da tushe. Masana kan sarrafa ma'adinai irin su zinki, ƙarfe da seleniyam su koma ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, ƙasa da nanomita 100, domin hanjin kifi ya fi tsotse su. Gwaje-gwajen da aka yi kan karfasa sun nuna ƙarin girma da ƙarfin garkuwar jiki, amma da awon ɗakin bincike aka yi su, ba da cokali ba. Seleniyam in ya ɗan zarce kima guba ne, yana lalata hantar kifi.

Abincin kamfani mai inganci ya riga ya ƙunshi waɗannan ma'adinai. Abin da ya fi cutar da tarwada a yankinku shi ne ƙazantar ruwa, cunkoso da zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu. Ka riƙa sauya ruwa, ka ware manya daga ƙanana domin suna cinye juna, ka ba su abinci mai furotin kusan kashi 40 cikin 100.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa, Jihar Neja. Garin da ba shi da lambar NAFDAC kuwa, kada ka saya.