Rumbun Bayanai a Cikin Gida: Jan Hankali ga Mai Farawa



Sana'ata ita ce haɗa kwamfutoci da wayoyi a shaguna, makarantu da gidaje, daga Talata Mafara zuwa Jangebe, Bakura da Maradun. Kukan da na fi ji a wannan aiki iri ɗaya ne: waya ta faɗa ruwa, memori ya daina buɗewa, filas ya kwashi bairos. Hotunan biki, takardar gona, sakamakon jarrabawar yara, lissafin bashin shago, duk sun tafi rana ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin wannan asara ana iya kauce mata.

Wasu za su ce ai ga Google Drive, har giga 15 yake bayarwa kyauta. Yana da amfani ƙwarai. Amma mu mutanen Zamfara mun ga iyakarsa. A farkon Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, kuma wajen Gusau an shafe makonni da dama babu sabis. Duk wanda takardunsa ke intanet kaɗai, suna nan lafiya, amma hannunsa bai kai gare su ba. Shi ya sa nake kira ga mai hoto, mai kemis, shugaban makaranta da magidanci mai iyali da yawa, su san na'urar ajiya ta gida, wadda ake kira NAS.

Ƙaramin akwati ne mai faifan ajiya ɗaya, biyu ko fiye, da ake haɗa shi da rauta ta kebul. Duk wata kwamfuta ko wayar hannu da ke kan waifai ɗin gidan za ta iya zuba abu a ciki ta kuma ɗauko, ba tare da data ba, ko da babu sabis a gari. Kamfanoni irin su Synology da QNAP suna sayar da shi a haɗe. Wanda aljihunsa bai kai ba, tsohuwar kwamfuta ma tana yi idan aka sa mata OpenMediaVault ko TrueNAS, dukansu kyauta ne. Tera ɗaya na ɗaukar hoto kusan 250,000 idan kowanne mega 4 ne. Rumbu ne sosai, kuma kamar kowane rumbu, in aka zuba gero da dawa da wake a cakuɗe, ranar nema za a sha wuya.

Don haka tsari shi ne na farko, tun kafin a kwafi fayil ko ɗaya. Manyan folda kada su wuce biyar ko shida: Takardu, Hotuna, Sana'a, Makaranta, Karatu da Wa'azi. A cikin kowace, a raba da shekara. Sunan fayil ya fara da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, sannan bayani: 2024-03-15 Walimar Sauka. Idan aka yi haka, na'ura da kanta za ta jera komai bi da bi. Sunaye irin su “sabo”, “na ƙarshe” ko lambobin da kyamara ke bayarwa, bayan wata shida ko mai su ba zai gane su ba. Hoto kuma a ɗauko shi kai tsaye daga wayar da ta ɗauka, domin wanda ya bi ta WhatsApp yawanci an matse shi, ingancinsa ya ragu.

Na biyu, izini. Nan ne aka fi sakaci, kuma nan ne mutuncin gida yake. Kowa a buɗe masa asusunsa da kalmar sirrinsa. Akwai izinin dubawa kaɗai, akwai izinin dubawa da gyarawa da gogewa. Yara su iya kallon darussa da sauraren karatu, amma kada su iya gogewa. Hotunan matan gida su zauna a foldar da baƙon da aka ba waifai ba zai ma ga sunanta ba. Yaron shago ya shiga lissafin yau, ba takardun fili ba. Asusun shugaba, mai iko da komai, a ajiye shi don gyara kawai, kuma a canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita tun ranar farko. A kunna kwandon shara na kowace folda, don abin da aka goge bisa kuskure ya dawo.

Na uku, kwafi na biyu. Mai akwati mai faifai biyu zai iya sa su riƙa ɗaukar abu ɗaya a lokaci guda, tsarin da ake kira RAID 1. Faifai biyu masu tera 4 za su ba ka tera 4 ne, ba 8 ba, amma in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Sai dai wannan ba ya maganin gobara, sata ko tsawa, kuma abin da ka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take. Ƙa'idar masana ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace, sayi faifan tafi-da-gidanka, ka kwafe muhimman abubuwa duk Juma'a, ka ajiye shi a gidan ɗan'uwa amintacce.

Na huɗu, yanayinmu. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na lalata fayil, har da faifan kansa, don haka a jona akwatin da rautar a kan UPS ko inbata. Mai faifai biyu yakan ci wat 15 zuwa 30 ne, ƙaramar sola ta ishe shi. A bazara zafi kan haura digiri 40, a hunturu ƙura ta toshe fanka. A ɗora shi kan kanta inda iska ke ratsawa, a riƙa hure ƙurar, kada a lulluɓe shi da zane.

Na ƙarshe, kada mai farawa ya buɗe akwatin ga intanet don ya riƙa shiga daga nesa. A 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta kulle dubban irin waɗannan na'urori a duniya, aka nemi masu su biya kuɗin fansa, kuma waɗanda aka bari a buɗe ga intanet ne abin ya shafa. A bar shi cikin gida, a riƙa sabunta manhajarsa.

Wanda bai da halin saye yanzu, kada ya jira. Yau ɗin nan ka ɗauki hoton takardar filinka, katin NIN da takardun haihuwar 'ya'yanka, ka ba su suna mai ma'ana, ka ajiye su wuri biyu. Ka kuma nuna wa mutum ɗaya a gidan inda suke da yadda ake buɗe su, domin rai na hannun Allah, kuma marayu da yawa sun rasa haƙƙinsu saboda takarda ta ɓata. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da amanarmu.