Darasi: Yadda Kuɗi Ke Shiga Gidan Masunci a Bakin Tekun Gana

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, darasinmu na wannan fitowa a kan masuntan Gana ne, watau Fanti na Elmina da Ga na Akra. Mu hatsi muka sani, amma masarar da ake lodi a Tekiman ita ce dokunun da suke ci, kuma bandar kifinsu ita ke hawa Kumasi har Tamale. Wanda zai ba mutum bashi, lalle ya san ranar da kuɗi ke shiga hannunsa.

Ku sani ɗan jirgi ba shi da albashi. In kwale-kwale ya dawo, sai a fara cire kuɗin mai da na abinci. Abin da ya ragu, galibi a raba biyu: rabi na mai jirgi da inji da taru, rabi na ma'aikata, ko su goma ne ko ashirin. Ran da ba a kama kome ba, kuɗin man ya zama bashi a kan fita ta gaba. Ran Talata kuwa, bisa al'adar garuruwa da yawa, ba a shiga teku.

To, wa ke ba da kuɗin man? Sau da yawa mace ce. Ita za ta biya, da sharaɗin in an dawo ita za a sayar wa. Ta yi banda, ta adana, ta fitar sa'ad da kifi ya yi tsada. Murhun da akasarinsu ke aiki da shi, a unguwar Corko ta Akra aka ƙirƙiro shi a 1969. Saboda haka aljihu biyu ne a gida, na miji da na mata, kuma a ganinmu na matar ne ke riƙe da tukunya. Amma fa duka biyun daga teku guda suke sha. In kifi ya ƙi, tare suke bushewa.

Ga inda abin ya shafe mu. Babbar kakar ƙananan kifin nan da ake kira amane daga Yuli ne zuwa Satumba, sai 'yar ƙarama wajen Janairu. Masara kuwa tana kai ƙarshen tsadarta daga Mayu zuwa Yuli, kafin sabuwa ta shigo. Watau lokacin da masunci ba shi da ko kwabo, lokacin ne mudu ya fi tsada. Sai ya ci bashi a farashin tsada, ya biya da kifin Agusta, sa'ad da kifi ya cika gaɓa ya faɗi warwas. An yanke shi sau biyu ke nan, kuma mu ma da hannunmu a yanka ɗaya.

A da kaka takan share bashin. Yanzu ba kullum ba. A 1996 an kama wajen tan 135,000 na wannan kifi. A 2016 bai kai 30,000 ba. Jirage sun yi yawa, ana kamu da fitila da taru mai ƙananan ido. A shekarun baya an kuma sha fama da saiko: manyan jirage su kwashi ƙananan kifi, su daskarar, su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku ba bisa doka ba. An ƙiyasta tan 100,000 a 2017 kaɗai. A 2019 hukuma ta rufe teku ga kwale-kwale wata guda don kifi ya hayayyafa, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, daidai lokacin da buhun masara ke sama.