Kafin a Fara Yankan Gero

Ɗana, tunda mahaifinka ya danƙa maka gonar nan ta bayan duwatsu, ga kuma iyali sun ƙaru, akwai maganar da nake so ka ji kafin kaka ta kama. Ba ku kaɗai ke zaune a gonar ba. Daga Dutse har Kiyawa da Jahun, duk inda aka ce ga rumbu, to akwai masu kai-komo a kewayensa dare da rana, kuma aikin maigida ne ya san wane ne wane a cikinsu.

Bari in fara da mujiya, don ita aka fi zalunta. Na ga yaranka suna jifan wadda ke kwana a kogon kukar bakin gona, wai kukanta mutuwa yake kira. Ka hana su, amma da lallashi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kore camfi da tsuntsu, kuma babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Abin da mujiya ke yi da dare farautar ɓeraye ne. Idan tana da 'ya'ya a sheƙa, ɗaruruwa take kwashewa kafin shekara ta zagayo. Ka kore ta, ɓera ya yi yawa a gindin rumbu, ya ci hatsi, ya ɓata sauran da fitsari da kashi, kuma ta wannan hanya zazzaɓin Lassa ke shiga gida. Inda ɓera ya taru kuwa, maciji na tafe.

A nan nake so ka buɗe kunne sosai. Kaka lokacin sara ne. An tara dammunan gero, an jingine riɗi ya sha iska, an tsibe harawa da ganyen gyaɗa, duk wuraren fakewa ne. Kasa ba ta gudu, kwanciyarta take yi har a taka ta. Kumurci yana tofa dafi a ido daga nesa, kuma abin yi nan take shi ne a wanke idon da ruwa mai yawa, sannan a tafi asibiti. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce kububuwa, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, wadda ake ce wa gobe da nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Sai ka ga wanda ta sara yana zaune yana hira, kowa ya ce da sauƙi, can sai jini ya ɓalle ta dasashi ko ta wurin saran. Jinkirin nan ne ke cinye mutane.

Saboda haka, idan Allah ya ƙaddara, kada a ɗaure ƙafa da igiya, kada a tsaga da reza, kada a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a kwantar da mutum, a ɗauke shi, kada a bar shi ya taka. Kada kuma a tsaya neman macijin. Tun yanzu ka bincika wane asibiti ne ke ajiye allurar maganin dafi, ko a Dutse ko a Birnin Kudu, ka riƙe lambar mai mota ɗaya da zai amsa kiranka ko da tsakar dare. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti guda na saran maciji, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan matsala cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Talakan ƙauye take kamawa, shi ya sa ba a jin labarinta.

Rigakafin ba shi da tsada. Takalmin roba mai tsawo, tocila a hannun duk mai fita da dare, sanda a tura ƙarƙashin dami kafin hannu ya bi. Matarka da ke ɗibar kara da asuba ita ta fi kowa bukatar wannan. Yara kuma su daina zura hannu a ramin gafiya ko cikin suri, su kwana a gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

Shamuwa da balbela ba sai na roƙar musu ba, kowa ya san suna tsince fara da ƙwari. Jan baki kuwa, masu tasowa daga kachalar fadamun Haɗeja, abokan gaba ne na gaske, a kore su da gwangwani da majajjawa. Sai dai kada ka yarda a zuba guba a bakin ruwa saboda su, don kajinka da awakinka ma nan suke sha.

Sai ƙona daji da rani don farautar gafiya da zomo. Wutar tana cinye abincin dabbobinku, ta bar ƙasa tsirara ga iska, abin da ya tsira kuma ya gudo cikin gida. In samarin unguwa sun zo da ashana, ka ce musu baffanka ya hana, su zo su same ni.