Amsar Tambaya: Kundin Digiri na Uku da Hutun Bazara a Ingila

Malam, ka ce tun shigowar Yuli jami'arku ta yi tsit, rubutunka ma ya tsaya. Malamin da ke duba aikinka zai iya tafiya hutu a Agusta, don haka ka same shi yanzu, ku tsayar da ranar miƙa babi ɗaya tak.

Bazarar Ingila na rikita barci: isha'i sai dare ya yi nisa, asuba kuma da wuri. Ka keɓe awa biyu da hantsi don rubutu, wayarka tana wani ɗakin. Karatu sai yamma; yawancin masu gudun rubutu a cikinsa suke ɓuya.

In za ka leƙa gida, ka huta kawai. Gaishe-gaishe da bukukuwa ba za su bar ka ka buɗe kwamfuta ba.